Shekara 30 da fitowar 'Jesus Freak': Kundin da ya tsallake masu suka, abin kunyar mawaƙinsa ya dawo da shi gaban alƙalai

A ranar 21 ga Nuwamba, 2025 ne kundin waƙoƙi mai suna Jesus Freak, na rukunin mawaƙan Kirista na Amurka da ake kira DC Talk, ya cika shekara 30 da shiga kasuwa. A al'adar masana'antar kiɗa ta ƙasar, irin wannan rana ta shagali ce da sake buga faifai da dogayen rubuce-rubucen yabo. Sai dai ranar ta riski kundin cikin wani hali da ba a yi zato ba. Wata biyar kafin nan, babbar tashar rediyon Kirista ta K-LOVE ta dakatar da sa waƙoƙin rukunin, a daidai lokacin da ɗaya daga cikin mawaƙansa uku, Michael Tait, ya amsa da bakinsa cewa ya shafe kusan shekara 20 yana rayuwa iri biyu, ɗaya a kan dandamali, ɗaya a ɓoye.

Kafin wannan tonon silili, Jesus Freak na cikin 'yan tsirarun kundayen waƙoƙin addini da suka samu karɓuwa ta kowace fuska. Matasan coci sun rungume shi, masu sharhin kiɗa na manyan mujallu sun ba shi hakkinsa, 'yan kasuwa kuma sun ci riba. Abin da ya faru a 2025 ya nuna cewa duk waɗannan alƙalai sun auna sauti da kalmomi da ciniki, amma babu wanda ya auna ainihin hajar da wannan kasuwa take sayarwa, wato amana.

Su wane ne DC Talk?

Rukunin ya samo asali ne a 1987 a Jami'ar Liberty da ke garin Lynchburg a jihar Virginia, jami'ar da fitaccen mai wa'azi Jerry Falwell ya kafa. A can ne ɗalibai uku suka haɗu: Toby McKeehan, wanda aka fi sani da TobyMac a yau, da Michael Tait, da Kevin Smith wanda daga baya ya koma Kevin Max. Biyu fararen fata ne, Tait kuma baƙar fata ne ɗan wani fasto daga birnin Washington. A ƙasar da majami'un farare da na baƙaƙe suka daɗe a rarrabe, wannan haɗin kaɗai ya isa ya jawo hankali.

Da waƙar gambarar zamani suka fara, a ƙarƙashin kamfanin ForeFront. Kundinsu na uku, Free at Last, wanda ya fito a 1992, ya ci lambar yabo ta Grammy, ya kuma kai su manyan shirye-shiryen talabijin na dare. A 1994 mai wa'azi Billy Graham ya ba su dandamali a taron matasan da ya shirya a birnin Cleveland, abin da ya zama tamkar hatimin amincewa a wajen iyaye da dama masu ɗari-ɗari da irin wannan kiɗa.

A Jesus Freak sai suka sauya salo. Suka rage gambara, suka ɗauki jita mai ƙara da ganga mai nauyi irin ta kiɗan rok da matasan Amurka suke yayi a lokacin. Sunan kundin ma izgili ne da aka juya shi ya zama kirari. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da kalmar wajen yi wa matasan da suka tsunduma cikin addini ba'a, kamar a ce wanda son Yesu ya zautar. Rukunin ya ɗauki wannan suna ya ce ya karɓa, ya kuma kira matasa da su daina jin kunyar a san su da addininsu.

Kundin bai tsaya ga wannan ba. Akwai waƙa kan wariyar launin fata, akwai wata kan neman gafara tsakanin abokai biyu da suka ɓata, akwai kuma wadda aka sa wa suna What If I Stumble?, inda mawaƙin yake bayyana fargabarsa ta yin tuntuɓe a gaban jama'ar da suka ɗauke shi abin koyi. Za a dawo kan wannan waƙa.

Hukuncin masu sharhin kiɗa

Masu sharhi na manyan jaridu da mujallun Amurka sun daɗe suna kallon waƙoƙin Kirista na zamani a matsayin kwaikwayo mai rauni. Zargin da suka fi nanatawa shi ne masana'antar tana jira sai wani salo ya yi tashe a kasuwar duniya, sannan ta kwafe shi bayan shekara biyu ko uku, ta ɗora masa kalmomin bishara. Zargin yana da tushe, domin a kantunan sayar da littattafan Kirista na wancan zamani akan liƙa jadawali da ke nuna wa mai saye cewa idan ɗansa yana son mawaƙi kaza na duniya, to ga makwafinsa na coci. Kowane ɗan kasuwa ya san matsayin kayan da ake tallatawa da sunan wani kaya.

Jesus Freak bai kuɓuta daga wannan zargi gaba ɗaya ba. Kusan duk wanda ya yi sharhi kan waƙar da kundin ya ci sunanta ya lura da kamanninta da fitacciyar waƙar rukunin Nirvana ta 1991, wadda ta buɗe ƙofar wannan salo. Lokacin da DC Talk suka shigo, jagoran Nirvana, Kurt Cobain, ya riga ya rasu tun watan Afrilun 1994, salon kuma ya fara dusashewa. Sharhin da mujallar Entertainment Weekly ta buga ya taƙaita ra'ayin mafi yawansu: aikin ya yi nasara, muryoyin sun haɗu, jitar tana da ƙarfi, rubutun yana da inganci, amma ana jin sawun wasu a cikinsa.

Ga masana'antar da ta saba da a yi watsi da ita ko a yi mata dariya, wannan yabo mai ƙaidi babban ci gaba ne. An saurari kundin a matsayin kiɗa, an auna shi da ma'aunin da ake auna sauran. A 1996 kamfanin Virgin ya ƙulla yarjejeniya da rukunin don kai su gidajen rediyon da ba na addini ba, kuma waƙarsu kan sasanta abokai ta kai matsayi na 29 a jadawalin Billboard na waƙoƙi ɗari mafiya tashe. A 1997 kundin ya ci Grammy a rukunin waƙoƙin bishara na salon rok.

Hukuncin coci

A cikin coci kuwa tambayar daban ce. Tun lokacin da mawaƙa irin su Larry Norman suka fara haɗa jita da wa'azi a farkon shekarun 1970, wasu manyan masu wa'azi suka tsaya kai da fata cewa kiɗan rok ba shi tsarkakuwa ko da wace kalma aka ɗora masa. David Wilkerson ya yi rubutu mai zafi a kan haka, Jimmy Swaggart kuma ya wallafa littafi sukutum a 1987 yana kwatanta irin wannan kiɗa da kura cikin fatar tunkiya. Mai karatu da ya san muhawarar da ake yi a ƙasar Hausa kan sanya fiyano a waƙoƙin bege ba zai ji wannan gardama baƙuwa ba.

Akwai kuma masu suka na biyu, waɗanda ba su damu da ganga ba, sun damu ne da kalmomi. Tsoronsu shi ne duk mawaƙin da ya hango kasuwar duniya zai fara sassauta saƙo. Abin da ya faru da Amy Grant ke nan a 1991, lokacin da kundinta Heart in Motion ya yi tashe a ko'ina, wasu mabiya suka zarge ta da sayar da addini. Har ta kai ana raha a masana'antar cewa ana auna waƙa ne da yawan ambaton sunan Yesu a kowane minti. Wannan ma'auni ya ƙetara teku: fitaccen mawaƙin bishara mazaunin Jos, Panam Percy Paul, ya faɗa a hira cewa ya taɓa ƙin wata kwangila mai tsoka daga ƙasashen waje saboda an nemi ya rage ambaton sunan a waƙoƙinsa.

A nan ne dabarar DC Talk ta yi aiki. Sun ɗauki kiɗan da ya fi kowane kama da na duniya, suka sa sunan Yesu a bangon faifan da manyan baƙaƙe. Babu wanda zai ce sun ɓoye saƙo. Ƙungiyar masu waƙoƙin bishara ta Amurka, mai ba da lambar yabo ta Dove, ta zaɓi waƙar Jesus Freak a matsayin gwarzuwar shekara a 1996, ta kuma ba rukunin kambun mawaƙan shekara. A 1999 suka fitar da wani littafi mai kusan wannan suna tare da ƙungiyar Voice of the Martyrs, mai ɗauke da labaran Kiristocin da aka tsananta wa saboda addini, littafin kuma ya shiga gidaje masu yawa. A 2001 mujallar CCM ta sanya kundin cikin jerin kundaye ɗari mafiya daraja a tarihin wannan fage.

Duk da haka gunaguni bai ƙare ba. A ƙarshen shekarun 1990 mawaƙi Steve Camp ya fitar da wata takarda mai ɗauke da batutuwa 107, yana kwaikwayon abin da Martin Luther ya yi wa cocin Katolika, inda ya zargi masana'antar da fifita kuɗi a kan hidima. A daidai wannan lokaci masu ba da lambar Dove suka kafa sharaɗi kan kalmomin da dole waƙa ta ƙunsa kafin ta shiga gasa, sharaɗin da ya hana waƙar soyayya ta rukunin Sixpence None the Richer shiga, alhali ta kai matsayi na 2 a jadawalin Billboard. Abin lura shi ne wannan sharaɗi a kan kalmomi ya tsaya.

Hukuncin kasuwa

A makonsa na farko Jesus Freak ya sayar da kwafi sama da 85,000, ya shiga jadawalin Billboard na kundaye 200 a matsayi na 16. Daga baya cinikin ya haura kwafi miliyan 2. Masoya sun ɗauki wannan a matsayin alamar farkawar addini a tsakanin matasa, amma akwai wani bayani na lissafi da ya kamata a sani.

Tun 1991 Billboard ta koma dogaro da na'urar SoundScan, wadda ke ƙirga kowane faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa a kanti. Sai a 1995 aka fara shigar da cinikin kantunan littattafan Kirista cikin wannan lissafi. Kafin nan, duk abin da aka sayar a waɗannan kantuna ba ya bayyana a babban jadawali. Saboda haka masu sayen suna nan tun da can, ƙirga su ne ba a yi. A shekarar nan ma Michael W. Smith ya shiga jadawalin a matsayi mai tsawo saboda wannan sauyi.

Manyan kamfanoni sun riga sun hango wannan riba. Kamfanin EMI na Birtaniya ya sayi Sparrow a 1992, ya ƙara da ForeFront, kamfanin DC Talk, a 1996. Abin da ya fara a matsayin hidimar wa'azi ta matasa ya koma sashe a cikin kamfanonin da ke da masu hannun jari. Gadon waɗannan kamfanoni yana yau a hannun Capitol Christian Music Group, wanda ke ƙarƙashin Universal, kamfanin kiɗa mafi girma a duniya.

Me wannan kasuwa take sayarwa? Gidajen rediyon Kirista ba su ɓoye ba. Sun zana hoton mai sauraron da suke nema har suka raɗa mata suna Becky: uwa mai matsakaitan shekaru, tana tuƙa 'ya'yanta zuwa makaranta, tana neman abin da za ta kunna a mota ba tare da fargaba ba. Tallan da ake yi mata shi ne wannan kiɗa ba zai ɓata tarbiyyar yaranta ba, waɗannan mawaƙa kuma mutane ne da za ta iya sakin 'ya'yanta su je wajensu. Malamar tarihin addini Leah Payne ta bi diddigin wannan tsari a littafin da ta wallafa a 2024. Idan haka ne, halin mawaƙi yana cikin hajar da aka karɓi kuɗinta. Wanda ya sayi faifan mawaƙin rok na duniya bai sayi alƙawarin tsarkin rayuwarsa ba, amma uwar da ta sayi faifan DC Talk da wannan alƙawari ta saya.

Inda sharhi ya gaza

Masu sharhi na manyan mujallu ba su ɗauki binciken wannan alƙawari a matsayin aikinsu ba. A wajensu wannan wata unguwa ce ta daban da akan leƙa sau ɗaya a shekara a yi rubutu a wuce. Jaridu da mujallun da suka san unguwar ciki da bai kuwa a cikinta suke ci suke sha. Tallan da ke riƙe su daga kamfanonin faifai yake fitowa, hirar da ke sayar da su sai da yardar manajojin mawaƙa, kuma kusan kowa yana zaune ne a birnin Nashville da kewaye, ana haɗuwa a coci ɗaya da wajen cin abinci ɗaya. Ba sai an ba kowa toshiyar baki ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Akwai kuma wani dalili na aƙida. A cikin wannan al'umma ana kallon suka mai zafi a matsayin rushe ɗan'uwa, tona asirin mai hidima kuma a matsayin bai wa maƙiya makami. Sakamakon haka sharhin kundi ya zama kusan talla: a bayyana waƙoƙi, a yaba saƙo, a ƙarfafa wa mai karatu gwiwa ya saya.

Wannan ba ya nufin masana'antar ba ta hukunta mai laifi. Tana yi, kuma da sauri, amma sai bayan magana ta fito fili. A 1994 Michael English ya kwashi lambobin Dove, kwanaki kaɗan bayan haka ya mayar da su saboda bayyanar wata alaƙa da ya yi a wajen aure, kamfaninsa ya rabu da shi, gidajen rediyo suka daina sa shi. A 1999 wasu kantuna da tashoshi sun juya wa Amy Grant baya saboda mutuwar aurenta. Tsarin a bayyane yake: ana yin shiru muddin jama'a ba su sani ba, ranar da suka sani kuma a sauke faifai daga kanta. Irin wannan tsari yana koya wa mawaƙi ya iya ɓoyewa, yana kuma koya wa na kusa da shi su kau da kai.

Abin da ya faru a 2025

DC Talk sun dakatar da aiki tare a farkon shekarun 2000, kowa ya kama gabansa. A 2009 Tait ya zama jagoran Newsboys, wani rukuni da ya samo asali daga Ostireliya, ya kuma kai su sabon matsayi. Kundinsu Born Again ya shiga jadawalin Billboard a matsayi na 4 a 2010, waƙarsu God's Not Dead kuma ta zama ginshiƙin wani fim mai wannan suna da ya yi kasuwa a 2014.

A watan Janairun 2025 Tait ya sanar da barin Newsboys ba zato ba tsammani. A ranar 4 ga Yuni kafar The Roys Report ta wallafa sakamakon binciken da 'yar jarida Jessica Morris ta shafe shekara biyu da rabi tana yi, inda ta tattauna da mutum sama da 50. A cikin rahoton wasu maza uku sun zargi Tait da cin zarafinsu ta hanyar lalata tsakanin 2004 da 2014. A ranar 10 ga Yuni Tait ya fitar da sanarwa a Instagram, ya amsa cewa ya daɗe yana shan hodar iblis da barasa fiye da kima, kuma ya taɓa wasu maza ta hanyar da ba su so ba. Ya ce yana da ja a kan wasu bayanai, amma mafi yawan zargin gaskiya ne. Jaridar The Guardian ta biyo baya da nata binciken mai ɗauke da ƙarin masu zargi. K-LOVE ta dakatar da waƙoƙin Newsboys da na DC Talk, sauran mawaƙan Newsboys suka ce an yaudare su, daga bisani kuma suka shaida wa 'yan kallo cewa kamfanin Capitol ya rabu da su.

Abin da ya fi tayar da hankalin mabiya shi ne yadda mutane da dama a cikin masana'antar suka fito suna cewa an daɗe ana raɗe-raɗin wannan magana a Nashville. Mawaƙiyar rukunin Paramore, Hayley Williams, wadda ta tashi a yankin, ta yi wa masana'antar tofin Allah tsine a fili saboda rufa-rufa. Ya kamata a lura da wanda ya tona: ƙaramar kafa ce mai zaman kanta da ke dogaro da gudummawar masu karatu, wadda Julie Roys ta kafa bayan ta rasa aikinta a wani gidan rediyon Kirista. Wanda ba ya cin abincin gidan ne ya iya faɗin abin da ke cikin tukunya.

To yaya za a yi da kundin?

A kan wannan tambaya masu sauraro sun rabu. Ɓangare na farko na ganin zalunci ne a hukunta kundin. Hujjarsu ita ce mutum uku ne suka yi shi, McKeehan ne ya jagoranci tsara shi tare da Mark Heimermann, kuma abubuwan da rahoton farko ya ambata sun faru ne bayan rukunin ya dakata. Suna ƙarawa da hujjar addini, cewa gaskiyar saƙo ba ta rataya a wuyan mai isar da shi, kuma Zabura kanta ana danganta ta ga Dawuda, wanda Littafi Mai Tsarki na Kirista bai ɓoye kurakuransa ba. Miliyoyin da suka ce waƙoƙin sun taimake su a ƙuruciya ba ƙarya suke yi ba.

Ɓangare na biyu na cewa wannan hujja ta manta da waɗanda aka cuta. Sunan da Jesus Freak ya gina shi ne ya buɗe wa Tait ƙofofi, shi ne ya sa matasa masu burin shiga waƙa suka amince da shi. Duk lokacin da aka kunna waƙar, kuɗi na shiga aljihun masu hakkin mallaka, muryar kuma tana shiga kunnen wanda ke ƙoƙarin mantawa. A ganinsu masana'antar da ta sayar da hali tare da waƙa ba ta da bakin cewa a raba su yanzu da halin ya ɓaci.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma hujja ta biyu ta fi nauyi a kan masana'antar fiye da a kan kundin. Ingancin kiɗan bai sauya ba tun 1995. Abin da Entertainment Weekly ta yaba yana nan, abin da ta kushe ma yana nan. Abin da ya sauya shi ne yadda ake jin sa. Waƙar What If I Stumble? tana buɗewa ne da wata magana ta marubuci Brennan Manning, mai cewa babban abin da ke kore mutane daga addini shi ne mabiyan da bakinsu ke shaidawa, rayuwarsu tana ƙaryatawa. A 1995 an yaba wa waƙar saboda tawali'u. A yau wasu na jin ta a matsayin gargaɗin da aka rera wa jama'a shekara 30, aka yi ta tafi, ba wanda ya tambayi wane tanadi aka yi idan tuntuɓen ya auku. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma idan mai ita ya ci amana, a bakinsa ta fi ɗaci.

Sauke waƙa daga rediyo shi ne mataki mafi sauƙi, kuma shi ne wanda masana'antar ta saba ɗauka tun zamanin Michael English. Mataki mai wuya shi ne amsa tambayoyin da masu zargi suka ɗora: wa ya ji, yaushe ya ji, wa ya kai ƙara, ina ƙarar ta tsaya. Coci yana da dattawa da ke iya tuhumar fasto, kamfani yana da hukumar gudanarwa, amma mawaƙin da ke yawo daga gari zuwa gari cikin motar rangadi yana da martabar fasto ba tare da mai sa masa ido ba. Rikicin cocin Hillsong, wanda waƙoƙinsa suka mamaye majami'u a nahiyoyi da dama, ya nuna irin wannan giɓi lokacin da aka kori Carl Lentz a 2020, wanda ya kafa cocin kuma, Brian Houston, ya yi murabus a 2022.

Maganar ta zo ne a lokacin da wannan kasuwa ke sake bunƙasa. Kamfanin Luminate, magajin SoundScan, ya sanya waƙoƙin Kirista cikin nau'o'in da suka fi saurin haɓaka a Amurka a 'yan shekarun nan, kuma a 2025 Brandon Lake da Forrest Frank sun shiga jadawalin Billboard na waƙoƙi ɗari mafiya tashe. Sabbin taurarin suna tashi ne ta TikTok da manhajojin sauraron kiɗa, inda babu ma mai kanti ko editan mujalla da zai tsaya tsakaninsu da matashi mai waya a hannu. Za a rubuta sharhi kan kundayensu, za a auna sauti, za a ƙirga ambaton suna, za a kawo alƙaluman ciniki. Idan aka tsaya a nan, an maimaita aikin 1995, kuma iyayen da ke biyan kuɗin tikiti ne za su sake ɗaukar asarar.